Ranar da Gwaggo Ta Sauko da Kwano

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, mutanen layinmu sun riga sun ji ƙarar da suke saita agogo da ita: ƙwal, ƙwal, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Cokali ne a jikin tsohon kwanon ƙarfe, mai riƙe da su kuwa ita ce matar da yaro da babba ke kira Gwaggo Mai Kwano. Shekara talatin da huɗu ke nan tana kiwon kaji a bayan ɗakinta, a ɗan filin da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Da wannan bugu take kiransu cin abinci, kuma duk kazar da ta tashi a hannunta, ko a bakin titi take, da ta ji shi za ta taho a guje tana baza fukafukai.

Gwaggo ba ta watsa tsaba da zarar ta buɗe akurki. Tukuna sai ta tsaya ta dubi yadda kowace ta fito, wadda ta sauke fiffike ta ware ta, ta leƙa kashin da suka yi ko akwai fari. Ta wanke mazubin ruwa, ta kwaɓa dusa, ta zuba toka a kusurwa don su yi birgima su kakkaɓe ƙuma. Duk wannan tana yi tana hira da su, har da faɗa. Zakaranta na kowane zamani sunansa Ciyaman, wai don shi ya fi kowa ɗaga murya, shi ya fi kowa ƙarancin aiki. Na san Ciyaman har guda bakwai, kuma babu wanda ya ba sunan kunya.

Ba yawan kaji ya sa nake rubutu a kanta ba, don ba su taɓa wuce ashirin ba. Abin da ya sa ba sa wucewa shi ne labarin. Gwaggo mai kyauta ce, amma kyautarta da ƙa'ida: ba ta ba da ɗan tsako. In ka roƙa, sai ta harare ka ta ce, “Ɗan tsako ai ba kyauta ba ne, aiki ne. In na ba ka, na ba ka kuka.” Sai ta raini kaza wata biyar, ta tsallake da ita mura da shirwa, ta zama sagara tana dab da fara ƙwai, sannan ta rungumo ta ta kai gidan da ta ga ana bukata. Ba ta tambayar mutum halin da yake ciki, idonta ya ishe ta.

Nas ɗin asibitin unguwa ta shaida mini cewa in ta auna yaro ta ga nauyinsa ya ƙi gaba, bayan ta rubuta magani sai ta ce wa uwar ta bi ta gidan Mai Kwano. Matar Tela, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta ce shekarar da mijinta ya kwanta ciwo keken ɗinki ya yi wata bakwai a rufe, da ƙwan kaza biyu da Gwaggo ta kawo mata 'ya'yanta suka riƙa karya kumallo. Ni ma da nake wannan surutu, na taɓa kai mata kazar da ta ba ni, rai a hannun Allah. Ta buɗe bakin, ta ciro zaren buhu da ya naɗe harshen, ta miƙo mini abata ta ce in daina share gida da rabin ido.

Gwaggo, ke ce asibitin da ba a yankar kati. Ke ce kika koya wa rabin matan layin nan ɗaga ƙwai a hasken rana su gane mai rai da baragurbi, kika koya musu ɗiga gawayi a kan ƙwan da aka sa wa kaza kwanci don kada ya cakuɗe da sabo. Ba ki taɓa tsayawa jiran godiya ba, mutum na cikin yi miki ita za ki ce kin bar ruwa a wuta.

Bara, ana tsakiyar sanyi, abin ya faru. A ƙarshen layi akwai garejin wani makanike mai karnuka uku da ke gadin motoci. Ran nan da hantsi aka buɗe ƙofar garejin don shigar da wata mota, sarƙa ta kwance, karnukan suka fice. Gwaggo tana ɗaki tana ninke kaya ta ji bayan gida ya kaure. Ta fito ta tarar sun shigo ta ƙarƙashin ƙyauren langa-langa, sun riga sun kashe biyu. Sauran kajin kuwa sun yi abin da Allah ya hore musu: sun tashi sun haye katanga da rufin akurki da reshen bishiyar lemo, inda kare ba ya kaiwa.

Gwaggo ta duba babu sanda kusa, gwiwoyinta kuma ba na gudu ba ne. Abin da ya faɗo mata shi ne ta yi ƙara ta razana karnukan, maƙwabta su ji su kawo ɗauki. Hannunta ya kai ga abin da ya saba kaiwa kowace safiya. Ta buga kwanon da iya ƙarfinta.

Kajin suka sauko. Duka suka sauko, daga katanga, daga rufi, daga bishiya, Ciyaman a gaba, suka nufo ƙafafunta ta tsakiyar karnuka, domin tun suna tsaki abu ɗaya suka sani game da wannan ƙara. Kafin Tela da makanike su iso da sanduna, fili ya cika da gashi. Cikin goma sha tara, biyu suka rayu.

Makanike ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, hularsa a hannu. “Gwaggo, ki yafe mini. Ki faɗi duk abin da kike so a yi. In kin ce a kashe karnukan nan, yanzu za a kashe su.”

“Tashi, ɗan nan,” ta ce. “Kare ya yi halinsa na kare. Ka gyara sarƙarka tun ba su kai ga ɗan mutum ba.”

“To kajin fa?”

“Kajin sun tsira. Suna sama lafiya lau. Ni na kira su.”

Daga nan ta juya ta nufi kicin. Ta wanke kwanon, ta rataye shi a ƙusa can saman bangon kicin tare da cokalinsa. Biyun da suka rage ta aika wa 'yarta da ke aure a wata unguwa. Ta share akurki ta rufe.

Na ga mutane sun yi asara iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ta ci mutum a tsaye kamar wannan ba. Da a ce karnuka kaɗai suka yi ɓarnar, da Gwaggo ta yi kwana biyu ta sayo wasu, don ta sha yin haka bayan annobar mura. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne sun amince da ita, amincewar ce kuma ta kai su. Layi ya yi shiru da safe, har wasu suka fara makara wurin aiki. Makanike ya zo da waya da ƙarafa ya kewaye filin, ya sa ƙofa mai sakata, ya toshe ƙarƙashin ƙyaure da siminti. Ta yi masa godiya, ta ce wurin zai yi kyau da shanya. In aka kawo mata kaza marar lafiya takan duba, amma da an ce, “Gwaggo, yaushe za a sake?” sai ta ce, “Na yi ritaya. Wanda ya kira dabba ga ajalinta ba shi da bakin sake kiranta.” Ta rame, hirarta ta ragu, 'yarta ta fara maganar ɗauke ta daga layin gaba ɗaya tunda babu abin da ke riƙe ta.

Matar Tela ce ta ƙi yarda. Da sanyi ya ja baya, itatuwa suka fara toho, wata kazarta wake-wake, cikin waɗanda Gwaggo ta ba ta, ta kwanta kwanci. Matar Tela ta bi gida-gida duk inda aka taɓa kai sagarar Gwaggo ta karɓi ƙwai ɗaya ɗaya, ta ɗiga wa kowanne gawayi yadda aka koya mata. Kwana ashirin da ɗaya, tara suka ƙyanƙyashe cikin goma sha ɗaya. Da suka yi mako guda ta zuba su a kwando da uwarsu, ta yi sallama.

“Gwaggo, ga baƙi na kawo miki.”

Gwaggo ta leƙa kwandon sau ɗaya ta kawar da kai. “Mayar da su, 'yar nan. Kin san ƙa'idata. Ɗan tsako ba kyauta ba ne.”

“Ai shi ya sa na kawo. Aiki na kawo miki, kin zauna haka nan kamar matar gwamna.”

“Na ce ki mayar.”

“To ajiya ce. Yau ranar asibitin mai gidan ce, sai la'asar za mu dawo, gidana kuma kyanwa ta addabe ni.” Ta juye kwandon a cikin sabon shingen ta fice, ta manta, ko ta yi kamar ta manta, ba ta sa sakata ba.

Gwaggo ta ja kujera ta ba su baya. Tana jin tsiyu-tsiyu ɗinsu, tana jin uwar na tona ƙasa tana kiransu, ta ƙi waiwayawa. Can da azahar gari ya canza, hadarin farko na shekara ya haɗo, iska ta fara kwasar ledoji. Sai a lokacin ta lura kukan ya yi nisa. Ta leƙa, shinge wayam. Uwar ta ja 'ya'yanta ta bi ta zaure, sun tsallaka layi suna kiwo a gindin juji, daidai inda ruwa ke taruwa ya zama kwata. Duk wanda ya yi kiwo ya san ɗan tsakon mako guda in ruwan sama ya jiƙa shi ya gama. Ta yi kira da baki, kazar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta yi niyyar tsallakawa, ta san gwiwar da ba ta sunkuyawa ba za ta kama tsaki tara ba. Layin babu kowa, kowa ya ruga kwashe shanya. Ɗigon farko ya sauka a hannunta.

Ta koma kicin. Ta ce mini ta fi minti ɗaya a tsaye tana kallon ƙusar nan, tana jin ƙarar wancan hantsin a kunnenta. Sannan ta sa muciya ta zunguro kwanon, ya faɗo, ta ɗauka. Bugun farko bai fita ba. Ta sake: ƙwal, ƙwal, ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Wake-wake ta ɗaga kai. Shekara biyu rabonta da gidan, amma a nan ta tashi. Ta juyo a guje, tsaki tara na mirginowa a bayanta, ta zaure, ta tsakar gida, har cikin akurki. Gwaggo ta ƙirga su sau biyu ta rufe, ruwa ya kece.

Ba ta gama sauke numfashi ba ta ji fuka-fuki a kan katanga. Ja ta gidan nas ce ta fara dirowa, sai baƙa ta gidan direba, sai wasu biyu daga bayan layi, sai tawa mai haɗiye zare. Duk sagarun da ta raina ta rabar, waɗanda ke iya jin kwanon daga inda suke, suka taho cikin ruwa suka kewaye ƙafafunta a ƙarƙashin rumfa suna jiran tsaba. Da Matar Tela ta dawo ta same ta zaune a tsakiyarsu da kwano a cinya, fuskarta sharkaf, Gwaggo ta rantse ruwan sama ne.

“Gwaggo, na zo karɓar ajiyata.”

“Wace ajiya? Tsaki ne za ki iya da su, ke da ko sakata ba ki iya sawa ba? Ki dawo bayan wata biyar.”

Yau tsakin nan tara sun zama bakwai, don kiwo bai taɓa zuwa babu rashi ba. Shida sagaru ne, kuma Gwaggo ta riga ta san gidajen da za su. Na bakwai ya fara gwada cara da muryar da ba ta nuna ba, an kuma naɗa shi Ciyaman na takwas. A jikin ƙofar shinge yanzu akwai sanda a jingine, a gefe kuma tsohon gwangwani da duwatsu a ciki, shi ne na korar kare. Duk wadda ta zo koyon kiwo, darasin farko da Gwaggo ke ba ta ke nan, da labarin kuskurenta ba tare da ta rage komai ba: abin kira daban, abin kora daban.

Gwaggo Mai Kwano, mun gode. Mun gode da ƙwan da ya tayar da yaran da ba ki haifa ba, mun gode da kika yafe wa mai karnuka tun a ranar, kika kuma daure, ko da an jima, kika yafe wa kanki. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi, ya sa ki ga Ciyaman na goma sha biyu. Mu kuma da muke da ɗan fili a bayan ɗaki, ko wata 'yar sana'a a hannu, mu raini abu har ya isa amfani sannan mu miƙa wa maƙwabci. Wanda kuma ya rataye nasa kwanon saboda wani kuskure da ya kasa mantawa, ya zo layinmu gobe da sassafe, kafin a buɗe shaguna, ya tsaya ya saurara.