Igiyar Rijiya da Ƙafata ta Hagu

'Yan uwa da abokan arziki, shekara da shekaru kuna tambayata dalilin ɗingishina, ni kuwa sai in yi dariya in ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Jiya na ga hoton wata tsohuwar mota ana janta da igiya, mutane tsaye gefen igiyar kowa na ba da shawara, sai na tuna abin da ya same ni. Shirun ya isa haka.

A farkon shekarun mulkin kai ne. Ina saurayi, ina aparanti, wato yaron mota, a wata tsohuwar kar mai ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Dakoro. Ta mace mana cikin rairayi gaba da Sabon Maci. Wani kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya yarda ya ja mu, amma babu sarƙa.

Ni mai wayo na kawo dabara. Na je bakin rijiya na aro igiyar da shanu ke jan guga da ita. Wanda ya san zurfin rijiyoyinmu ya san yadda muka yarda da wannan igiya.

Sannan na yi abin da muka saba a rijiya: na tsaya gefenta, na ɗora hannu in ji nauyin da ta ɗauka. Maigidana direba, Malam Idi, ya leƙo ya ce, "Sani, gusa daga nan." Na ce, "Bari in ji ta tukuna, Maigida."

Kamyon ya fizga. Ban ji ƙara ba, na dai gan ni a ƙasa.

Igiyar ta tsinke ta zabge ni a ƙwaurin hagu. Raunin bai wuce tsawon yatsa ba. Aka zuba man shanu, aka ɗaure da rawani, aka kai ni gida Dakoro. Kwana uku ina cewa da sauƙi. Ran na huɗu ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. Innata ce ta fara jin warin, ta fita bayan ɗaki ta yi kuka don kada in sani. Na sani.

A asibiti a Maraɗi aka ɗauki hoton ƙafar: ƙashi ya tsage, rauni ya ruɓe. Likita ya zana layi da alƙalami ƙasa da gwiwata, sama da inda fata ta yi ja. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya fassara mini: "In jan ga ya ƙetare zanen ga, yanke ƙahwa za a yi. In bai ƙetare ba, taka ce."

Daga ranar ba ni da wani tunani sai wannan layi.

Allura safe da yamma. Wankin rauni da hantsi, ina cizon gefen rigata. Majo na juya baya sai in auna tsakanin jan da zanen. Yatsa uku. Bayan kwana biyu, yatsa biyu. Sai ɗaya.

Mutumin gadon kusa da ni an riga an yanke tasa. Ina satar kallon inda mayafinsa ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Tsoro na ji, tsoron da ban taɓa ji ba.

Babana ya sayar da bijiminsa saboda magani, bai taɓa yi mini gori ba. Malam Idi ya zo dubiya, ya ce, "Da na sani da na sauko na janye ka da hannuna."

Wata safiya Majo ya kwance bandeji, ya daɗe yana kallo. Na ce, "Majo, mi ka gani?" Ya kamo yatsuna ya jera a wurin. Biyu suka shiga. Ya ce, "Ya hwara komawa."

Na yi kuka gaban kowa, ban ji kunya ba.

Bayan wata biyu na fito da sanda. Alhamdu lillahi. Inna, Baba, Malam Idi, Majo, duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu.

Direbobi, ku ji ni. Babbar mota da sandar ƙarfe ake janta, ba da igiya ba. A sauke fasinja, a duba birki, mai ja ya tashi a hankali kada ya fizga. Kada kowa ya tsaya tsakanin motocin ko gefensu. Rauni kuma, kome ƙanƙantarsa, a kai asibiti ranar.

Tawadar likita ta goge tun ina can. Amma har yau, in na ga igiya ɗaure tsakanin mota biyu, sai na sunkuya na dubi ƙasan gwiwata.