Kawu Bukar Na-Kusa

Ku da kuka san Kawu Bukar, kun san bai taɓa wuce abu na kusa ya tafi na nesa ba. Shi ya sa duk garin Gure ake ce masa Na-Kusa. Ni Falmata, ƴar ƙanwarsa, a gidansa na yi kolej, ni na sha wahalar wannan aƙida.

Wanzamin bakin layinmu hannunsa rawa yake yi. Kullum Kawu sai ya dawo kai duk yanka. Na ce, "Haba Kawu, ga wani can kasuwa!"

Ya ce, "In kowa ya tafi kasuwa, wannan kan wa zai yanka?"

To, ƙofar da ta fi kusa da tamu ta Malam Ari ce, kuma ba sa ga maciji. Akuyar Ari ce ta cinye wa Kawu salati a lambunsa na kwari, tun ban san kaina ba. Amma da dabinon fari ya nuna, ni ake ɗora wa tire.

"Kai wa mutumin nan. Kada ki ce ina gaishe shi."

Ari ya gaji, ya toshe ƙofarsa, ya fasa wata ta baya. Kawu ya leƙa ya ce, "Katangarsa dai ba ta matsa ba." Ranar ta saman katanga na miƙa dabino, kamar ɓarauniya mai mayar da kaya!

Sai ciwo ya kwantar da Ari, ƴaƴansa duk suna Agadas. Lokacin Kawu ma idanunsa sun kamu, likita ya ce in ba a yi aiki da wuri ba zai rasa su. Ɗan Kawu ya turo mota daga Damagaram. Kawu ya ƙi shiga.

Raina ya ɓaci. "Makancewa za ka yi kan mutumin da ko gaisawa ba kwa yi?"

"Gaisuwa daban, kunu daban. Wa zai ɗaga shi?"

Haka ya riƙa lallaɓawa ta sabuwar ƙofar, ya tallafo Ari, ya ba shi kunu. Rannan Ari ya ce, "Tsamiya ta yi yawa." Kawu ya juyo gare ni: "Faɗa masa nan ba otel ba ne."

Sai da ƴaƴan Ari suka iso Kawu ya shiga mota. An ceto idon dama, na hagu ya tafi. Na yi ta kuka ina masifa, ya ce, "Ke, ɗaya ya isa. Abin da nake dubawa ba shi da nisa."

Kawuna ke nan, ku nuna mini irinsa. Allah ya jiƙanka Kawu, ya haskaka maka kabarinka. Amin.