Kwano Mai Tsatsa

Iskar jiya ta yar da wani tsohon kwanon rufi a gonarmu ta Roni, sai na tuna marigayi kawuna.

Duk sanda iska ta yaye rufin unguwa, yakan bi gonaki da safe, ƙasa na ƙamshin ruwa, yana mayar wa kowa kwanonsa. Wata shekara ina biye da shi, na ɗago wani sabo fil.

"Kawu, ga na gidan Alhaji."

"Ajiye. Shi yau zai sayi wani. Ɗauko mai tsatsar nan na tsohuwar maƙwabciyarmu, ruwan gaba a kanta zai sauka."

Na jiya kuwa, kafin azahar masu sayen ƙarafa sun ɗauke.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mai kwanon nan mafaka kafin hadari ya sake haɗowa.