Tsintsiyar Lala Mehrban

Kullum bayan sallar asuba, kafin ruwan shayina ya tafasa, Lala Mehrban yakan wuce ta gaban rumfata, tsintsiya a kafaɗa, rariya rataye a wuya. Ba ya tsayawa. Hannu kawai yake ɗaga mini ya kama hanyar dutse. Shekara ashirin da tara ina kallon ƙeyar nan tasa, ranar Alhamis ɗin da ta wuce kuma ya yi ritaya daga aikin gandun daji. Ba taro, ba 'yan jarida. Shi ya sa ni Sabir mai shayi na ce sai na faɗi abin da na sani a kansa, ko da rubutuna bai kai na malamai ba.

Aikin nasa in an gaya maka sai ka yi dariya. Da la'asar yakan tankaɗe ƙasa mai laushi a kan 'yan hanyoyin da namun daji ke bi, ya baje ta, ya share yana ja da baya don kada sawunsa ya ɓata wurin. Da safe ya koma ya ga wa ya taka. Beguwa ce, dila ne, aladen daji ne, duk ya san su. In damisa ce sai ya dama farin garin filasta irin na ɗaurin karaya, ya zuba a sawun, in ya bushe ya ɗaga ya rubuta rana da wuri a bayansa. Mu mutanen ƙauyen Dok Sangra mun sha tsokanarsa, ni ne kuma kan gaba.

"Lala, matarka Zaitun Bibi ta san ka iya shara haka? Ka riƙa taya ta da tsakar gida mana."

"Ta hana ni," in ji shi. "Wai sai in tsaya ina karanta sawun kaji."

Ranar da aka kashe wa wani ɗan ƙauyenmu Fazal Dad awaki uku, maza suka fito da bindigogi za su hau dutse. Lala ya tsuguna a bakin garken ya ce, "Ku mayar da bindigoginku. Ga farata nan a sawun. Damisa in tana tafiya ɓoye faratanta take yi, wannan karnukan bola ne." Bayan kwana biyu aka kama karnukan a garken maƙwabci. Fazal Dad har yau shi yake ba da labarin.

To amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ƙauyenmu yana cikin kwari tsakanin duwatsu biyu a nan yankin Potohar, gandun daji a na yamma, daji marar tsaro a na gabas. Tun kakanni namun daji ke ƙetarawa daga wannan zuwa wancan. Sai birni ya taso mana, katanga bayan katanga. Da hukuma ta ce za ta faɗaɗa gandun don a bar wa dabbobi hanya, masu awo suka kafa kyamarori a mashigar sama, suka ja layinsu ta can. Bakin rafi da ke ƙasa ba su sa shi a taswira ba.

A bakin rafin nan filin Lala yake, gadon mahaifinsa, kuma shi kaɗai ya rage ba katanga. Shi da Zaitun Bibi a ɗaki ɗaya na hukuma suka yi rayuwarsu, ɗakin da dole su bari ranar ritaya. Ya riga ya tara bulo. Ita kuwa ta dasa rumman a daidai inda ƙofar madafinta za ta kasance, kullum tana kai masa ruwa.

Wata safiya na kai masa shayi can, don ya ce zai ja igiyar harsashin gini. Na tarar da shi a tsugune, igiyar na yashe a gefe. Ashe hannun nan nasa da ya saba ya tankaɗe ƙasa har a filinsa. Ga sawun damisa babba ya ratsa tsakiyar inda ɗakin kwana zai zauna, ga ƙanana biyu na bin sa.

"Uwa ce da 'ya'yanta," in ji shi. "Tun da aka yi titin manyan motoci, shekara uku ban ga sawun uwa a mashigar sama ba. Nan kaɗai ya rage musu. In na ja katanga, cikin gidajen mutane za su faɗa, a harbe su."

Na ce, "Lala, tsintsiya na hannunka. Share. Wa ya gani? Daga ni sai kai sai Allah."

Ya ɗago ya dube ni. "Na ukun nan fa, Sabir?"

Na ce masa wawa. Ina faɗa a nan don kowa ya sani, ni da bakina na faɗa, kuma ina jin kunyarsa har yau. Ya ɗauko garin filasta ya fara damawa.

Washegari ya kwaso sawayen da ya tara na shekaru a akwatunan mangwaro, muka loda a motar kayan lambu. Na taya shi ɗauka ina mita har ofishin gandun daji. Ya jera su a ƙasa shekara bi shekara, na sama suna raguwa, na bakin rafi suna ƙaruwa. Jami'ar da ke zana taswirar ta tashi daga kujerarta ta durƙusa tana dubawa.

"Baba, wannan filin na bakin rafi na wane ne?"

"Nawa ne."

"Ka san in ya shiga gandu ko bulo ɗaya ba za ka ɗora ba?"

"Na sani, 'yata. Ki gyara layin."

Aka gyara. An ce za a ba shi wani fili a madadi, har yanzu muna jira. Zaitun Bibi ta yi wata guda ba ta ce masa ci kanka ba, gurasarsa ma ba ta shafa mata man shanu. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Lala Mehrban, kai ne mai shara da baya-da-baya wanda muka mayar abin dariya, alhali kai kaɗai ka san inda aka dosa. Kai ne aka bar wa tsintsiya a hannu ba mai ganinka, ka ƙi goge abin da ka gani. Ban san mutum na biyu a kwarin nan da zai iya ba, har da ni.

Ranar Juma'a, kwana ɗaya da ritaya, sun riga sun koma ɗakin da wanta ya ara musu. Na ɗauka shi ke nan na daina ganin ƙeyar nan. Sai ga shi da tsintsiyarsa, Zaitun Bibi na biye da bokiti. Na bar tukunya a wuta na bi su. Ta zuba wa rummanta ruwa, ta tsaya tana kallonsa a tsugune.

"To malam mai karatu, wa ya kwana a gidana?"

"Ita ce. 'Ya'yan sun girma, dubi tafinsu."

Ta daɗe tana duba ƙasar. "Duka biyun suna nan?"

"Duka biyun."

"To ta riƙe," in ji ta. "Mai 'ya'ya ce. Amma ka gaya mata rumman nawa ne."

Na juya kamar ina gyara rawanina, don idona ya cika.

Mun gode, Lala. Mun gode, Zaitun Bibi, don gidan da aka bayar naki ne. Allah Ya ba ku wanda ya fi shi, Ya sa ku ga ƙofar madafin nan da idonku. Ku kuma matasan da za ku gaji tsintsiyar, ku riƙe ta yadda ya riƙe: ku faɗi abin da ƙasa ta nuna, ko da a filinku ne. Mutanen birni masu zuwa shan iska ranar Lahadi, in kun iso bakin rafi kun ga ƙasa a tankaɗe kusa da wata bishiyar rumman, don Allah ku kauce, kada ku taka. Masu gidan ne ke wucewa ta nan.