Guntun Fartanya a Bakin Rijiya

Haƙar rijiya na yi a ƙauyukan da ke tsakanin Gadarif da Shuwak, har gwiwoyina suka ƙi. Muna da al'ada a sana'ar: duk inda ƙasa ta canja, sai ka aiko da dunƙule ɗaya sama a cikin guga, a jera a bakin rijiya, don mai rijiyar ya ga inda aka kai. Da farko baƙar laka, wadda take tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Sai tsakuwa, sai baƙin dutse mai cin bakin diga, sai farin dutse mai yashi inda ruwa yake kwance.

'Yata ta fari ce take kawo mini abinci idan an tashi daga madarasa. Wata rana na fito daga rami na tarar ta ƙara abu biyu a ƙarshen jerin: guntun jan bulo da karyayyen bakin fartanya.

Ta ce, "Baba, jerinka bai ƙare ba. Ustaza ta ce duk abin da kake haƙa ɓawo ne kawai, kamar na dafaffen ƙwai. Ƙarƙashinsa dutse ne mai zafi da yake motsi a hankali. Ƙarƙashin wannan narkakken ƙarfe ne, can tsakiya kuma ƙarfen ya dunƙule saboda nauyin da ke kansa."

Abokan aikina suna tsaye suna ji. Na ce, "Ita ustazar taki ta taɓa shiga rami?" Suka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi. Na sa ƙafa na ture bulon da ƙarfen.

Ba ta yi kuka ba. Ta jira na gama ci, ta ɗauki kwanonta. Ta ci gaba da kawo abinci, amma ba ta sake gaya mini abin da aka koya musu ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Yanzu tana koyarwa a Kasala. Mahaifiyarta ta rasu, ni kaɗai ne a gidan. Duk Juma'a 'yar tawa takan kira ni a waya: ya jiki, ya gwiwa, an sha magani? Daga nan sai mu yi sallama. Nakan zauna bayan nan ina kallon tsagar ƙasar tsakar gida.

Juma'ar da ta wuce, da ta zo yin sallama, na ce, "Tsaya. Bayan farin dutsen nan, me kika ce yana ƙasa?"



Ta ce, "Baba, kana da ƙwai a gida?"

Na ce akwai.

"To dafa ɗaya. Zan sake kira."

Na tashi na hura gawayi.