Ruwan da na zuba wa Baba a ƙafa

Shekarun baya, lokacin cirar gyaɗa, na bi mahaifina wata gonarmu ta gado da ke can wajen Kunci. Tana da nisa da gida, don haka in an tuge gyaɗa aka shanya, a nan ake kafa bukkar kara a kwana huɗu ko biyar ana gadi har ta bushe. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da fara aiki a Kano ba, kaina yana hayaƙi. Na taho da sabon kurfoti, wato ɗan murhun gawayin nan na ƙarfe, da ƙullin gawayi da butar ƙarfe, ina ji kamar na kawo wa gonar lantarki.

Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Duwatsu uku sun gaza ke nan?"

Na ce, "Baba, wannan ba hayaƙi."

Ya yi murmushi kawai. Amma na lura shayin da nake dafawa a kai bai taɓa mayar da shi ba.

Aikina kullum da asuba shi ne in hura gawayi, in tafasa ruwa, in surka masa na alwala, ragowar mu yi shayi. Da yake bayansa ya riƙe a shekarar, sunkuyo yana ba shi wuya, ni nake wanke masa ƙafafu.

Ran kwana na uku, ya yi alwala da butar roba har zuwa shafar kai, ruwan ya ƙare. Ya ɗora ƙafar dama a kan dutse ya ce, "Ƙaro ruwa." Na juya na ɗauko butar ƙarfen da na sauke ba da jimawa ba. Wallahi har yau zan iya rantsewa a raina na surka ta. Ban surka ba. Na tsaya firfita gawayi na manta.

Na tsiyaya masa tun daga yatsu har idon sawu. Baba bai motsa ba, bakinsa na ta salati. Sai da na kai hannu zan cuɗa, na ƙwalla ƙara na yar da butar.

Ya ce, "Subhanallahi! Kunama ce?"

Na haska fitilar waya. Ƙafar na tururi, fatar ta fara tashi, shi kuma hannuna yake kallo, yana tambaya ko na ji ciwo. Na ce, "Baba, ba ka ji komai ba?"

Ya ce, "Na fi shekara ba na jin ƙafafun nan. Ko ƙaya na taka, sai na ga jini. Kada ka gaya wa innarka, hana ni gona za ta yi."

Wannan ne karo na farko da na saɓa masa ido da ido. Na kira wani abokina mai mashin, muka bar gyaɗar a shanye muka nufi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye, kuma irin wannan ƙuna in ta ruɓe, sai dai a yanke ƙafar. Wata uku muna zaryar wankin ciwon. Duk ranar da aka kwance bandejin, ni ke fara kawar da kai, don na san hannun da ya yi aikin.

Allah Ya rufa asiri, ƙafar ta tsira, yatsa ɗaya aka cire. Gona kuwa daga nan ya yi sallama da ita. Abin da ya shekara yana gudu, ni na jawo masa shi da buta guda.

Na kasa haɗa ido da shi har aka kusa wata kakar. Wata rana da yamma na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, kai. Da ba ka ƙona ni ba, da ina can ina ɓoyo har cutar ta kai ni ƙasa. Ni ya kamata in nemi gafararku."

Na yarda da maganarsa, amma har yau ba ta sauke mini nauyin duka ba. Abin da na koya shi ne, dattijo in ya yi shiru, ba lallai lafiya ce ba, wani lokacin tsoron a zaunar da shi ne.

Kurfotin yana nan, a kansa nake dafa masa ruwa duk ran da na je gida. Kafin in zuba, sai na tsoma hannuna har wuyan hannu, sau biyu. Shi kuma ya miƙo ƙafar, ya ɗaga kai sama, bai taɓa leƙa butar ba.