Furen da Dikko Ya Rataya wa Mai Rai

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a unguwar Al Asmakh ta Doha ya ji labarin ranar da Dikko ya kashe shugaban Indiyawa da fure. Mutumin yana nan da ransa, har ƙiba ya ƙara, amma haka labarin ya bi gari.

Abin ya faru ne a zauren wata ƙungiyar Indiyawa da ke Madinat Khalifa, inda kamfanin tsaro ya ajiye Dikko gadi. Bikin samun 'yancin ƙasarsu ne, tsakiyar Agusta, gari kamar bakin tanda. Tun jajibere mata suka zo suka rataya wa hotunan manyansu sarƙar furanni, kowane hoto da tasa. Dikko ya bi bango da ido, sai ya hango hoto ɗaya can ƙarshe ba ko ganye: na Mista Nambiyar, shugaban ƙungiyar. Abin ya tsaya masa a rai. Mutumin da ya ba shi izinin aron littafi a ɗakin karatunsu, a ce shi kaɗai aka manta? Da sassafe ya biya wurin mai fure, ya zaɓi sarƙa mafi kauri, ya taka kujera ya rataya, ya ja da baya yana yaba aikinsa.

Abin da bai sani ba, a wurinsu ba a yi wa hoto haka sai mai shi ya riga mu gidan gaskiya.

Matar da ta fara shigowa ta dafe ƙirji ta ƙwalla ƙara. Kafin a ankara waya ta kai labari har Kerala, jiharsu can Indiya. Ana yi wa uwargidan shugaban ta'aziyya, shi kuwa yana banɗaki yana aske gemu. Da ya iso da ƙafarsa, ya tarar da jama'a sun yi cirko-cirko gaban hotonsa.

Dikko ɗan Malumfashi ne, kuma tun yana ƙarami ba a san shi da zama ba. Ya koyar a firamare shekara biyu, ya ce ajin ya yi masa ƙunci. Ya ja a-daidaita-sahu, ya sayar da takin zamani, ya yi kiwon kaji na wata bakwai. Matarsa Ikilima takan ce in ta zuba masa abinci sai ta tare ƙofa, kada ya fice da loma a hannu. To wannan mutum Allah ya kawo Doha, ya ba shi aikin tsayuwa wuri ɗaya awa goma sha biyu.

Watan farko ya ƙirga tayil ɗin zauren kaf, ya sake ƙirgawa ta baya. Ya fara tambayar kuɗin jirgin Kano ke nan Mista Nambiyar ya kama shi yana leƙen kantar littattafai ta gilashi. Kanta guda ce cike da tarihin mutanen da suka yi ja-in-ja da Turawan mulkin mallaka. Ya ce masa ya ɗauki ɗaya, in ya gama ya dawo da shi.

Sunayen sun yi wa Dikko tsawo, sai ya raɗa musu nasa. Wanda ya taka har bakin teku saboda harajin gishiri ya zama Baba Mai Gishiri. Sarauniyar da ta yaƙi Turawa a kan doki, Inna Mai Doki. Saurayin da aka rataye bai kai shekara ashirin da biyar ba kuwa, Dikko ya wuni bai ci abinci ba ranar da ya zo shafin ƙarshe.

"Mu da muka san Indiya da rawa da waƙa," in ji Shamsu direba, abokin ɗakinsa, "kai ka je ka kwaso mana 'yan gidan yari."

Su ɗin ne kuwa suka riƙe shi. Mutane ne da su ma ba su iya zama ba, aka kulle su shekaru a ɗaki ɗaya, ba su haukace ba. Da littafi a aljihu, tsayuwar ta zo masa da sauƙi.

Shi ya sa da shugaban masu gadi ya kira shi da yammacin ranar furen, gabansa ya faɗi. "An kawo ƙara. Lahadi za ka koma gadin motoci a Al Gharrafa. Khalas, magana ta ƙare."

Can babu kanta, babu littafi. Dikko ya san kansa: wata biyu ba za su cika ba zai ajiye aikin, ya koma gaban Ikilima da sana'a ta biyar a mace. Kwana uku ya yi yana safa da marwa tsakanin gado da ƙofa. Ya rubuta takardar ban haƙuri ya yaga, ya sake rubutawa ya yaga. Daga ƙarshe ya yi abin da ake yi a gida: ya je ya ɗauko babba. Baba Abdulbaqi ke nan, tsohon direba da ya shekara ashirin a ƙasar.

A ofishin Mista Nambiyar suka tuɓe takalma suka tsuguna. Mutumin ya miƙe a firgice yana nuna musu kujeru.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Abdulbaqi, ya maimaita da Turanci don ya tabbata an ji, "mu fatanmu ke nan, ya daɗe ɗin. Dikko girmamawa ya yi niyya. A garinmu ba a ba manya abu a tsallake mai gida."

Dariya ta ƙwace wa Mista Nambiyar har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce ƙaninsa da suka shekara shida ba sa magana ya ji labarin mutuwar ya kira yana kuka. Amma ƙarar, uwargidansa ce ta kai ta, kuma shi bai isa ya janye abin da ta shigar ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da katin ɗakin karatu, irin na 'yan ƙungiya, ya tambayi Dikko yadda ake rubuta sunansa.

Yau shekara uku ke nan Dikko yana gadin motoci a Al Gharrafa, bai taɓa daɗewa haka a aiki ɗaya ba. Duk Juma'a bayan an sauko yakan hau bas ya je ya musanya littafi. Uwargidan shugaban har yanzu in ta gan shi sai ta duba bango tukuna.

Agustan bana ana zaune ana shan shayi, Shamsu ya ɗago kai. "Yallaɓai mai fure, bikin ya matso. Bana wa za mu yi wa ta'aziyya?"

Dikko yana tsaye, dama bai zauna ba. Ya kurɓi shayinsa. "Ku yi ta dariya. Na karanta kantar nan kusan rabi, duk sai da suka mutu aka tuna da su. Nawa mutumin ko ba komai ya ji ƙamshin nasa."